Yadda Ake Haɗa Teburin Aiki da Sandunan Alminiyam Masu Tsaga

Duk wanda sana'arsa take tsayar da shi a gaban tebur daga safe zuwa la'asar, ko mai gyaran waya ne, ko mai naɗa koyil ɗin fanka da injin ban ruwa, ko mai haɗa kayan wutar sola, ya san cewa tebur mai rawa yana ɓata aiki fiye da yadda dakusasshen kayan aiki yake ɓata shi. Hanyoyi biyu aka saba bi wajen mallakar teburin aiki, wato a je wa mai walda ya yanka ƙarfe ya liƙe, ko a je wa kafinta ya buga na katako. Akwai hanya ta uku da masana'antu suka daɗe suna bi, ita ce a haɗa ƙashin teburin da sandunan alminiyam masu tsaga, waɗanda noti kaɗai ke riƙe su, babu walda kuma babu fenti. Ranar da aka tashi daga shagon haya sai a kwance shi sanda-sanda, a ɗaure, a je sabon wuri a mayar da shi yadda yake, ko ma a sauya masa fasali idan wurin ya fi ƙunci.

Gara a faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa cewa wannan hanya ta fi ta mai walda tsada, kuma wanda aikinsa dukan ƙarfe ne da babbar guduma ko walda a kan teburin kansa, ba ita ce tasa ba. Ta dace da mai aikin da ke son tsafta, da daidaiton awo, da damar ƙara wani abu a jikin teburin bayan wata shida ba tare da an sake kiran kowa ba.

Sandar da ake nufi

Alminiyam, wanda dattawa ke kira goran-ruwa ko sanholo, ana ɗumama shi ne har ya yi laushi, sannan a matsa shi da ƙarfi ta cikin wani ƙarfe mai rami, ya fito ta ɗaya gefen a matsayin doguwar sanda mai siffar wannan ramin. Sandar da ake haɗa tebur da ita tana da fuska huɗu, kuma a tsakiyar kowace fuska akwai tsaga mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki, wadda idan aka dubi sandar ta ƙarshenta za a ga ta yi kama da harafin T. Cikin wannan tsaga ake zura wani noti na musamman da ba ya iya fitowa ta bakin, sai a ɗaura masa bol daga waje, ya damƙe duk abin da aka sa tsakaninsu. Ke nan ko'ina a jikin sandar wurin ɗauri ne, ba sai an huda ba. Kamfanin item na garin Solingen a Jamus ya fito da tsarinsa a 1980, kamfanin 80/20 na jihar Indiyana a Amurka ya biyo baya a 1989, Bosch Rexroth ma yana da nasa, sannan masana'antun ƙasar Sin suna yin masu kama da su a farashi mai sauƙi.

Kada a haɗa wannan sanda da wadda masu taga da ƙofar gilashi suke aiki da ita a bakin titi. Waccan an yi ta ne don riƙe gilashi da raga, bangonta siriri ne ƙwarai, ba ta da tsagar noti, kuma idan aka ɗora mata nauyin bayis, wato ƙarfen da ake matse abin aiki a bakinsa, ko injin huda za ta lotsa. Amfanin masu taga a wannan aiki yana wurin zartonsu, kuma za a zo kansa.

Ana kiran sandunan da girman fuskarsu a milimita: 20x20, 30x30, 40x40, 45x45, sai masu faɗi irin 40x80. Ta 20 ta ƙananan injuna ce, ta 30 tana ɗaukar teburin da ba za a ɗora masa komai ba sai kwamfuta da ƙananan na'urori, amma teburin aiki na gaske daga 40 yake farawa. Abin da ya fi girman fuska rikita masu saye shi ne faɗin tsagar, domin sanduna biyu suna iya zama 40x40 dukansu, ɗaya mai tsagar milimita 8, ɗaya mai ta milimita 10, kuma notin wannan ba ya zama a waccan. Na Amurka kuma da yawansu da inci aka auna su. Saboda haka a sayi sanda da noti da biraket, wato ƙarfe mai kwana da ke haɗa sanda da sanda, a wuri ɗaya, a zura notin a tsagar a gaban mai sayarwa kafin a biya kuɗi. A wannan bayani an ɗauki sanda mai tsagar milimita 8 da bol mai lamba M8.

Abin da ya sa ba a kwaikwayon awon teburin ƙarfe

Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe, kuma wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne taurinsa wajen ƙin lanƙwasa ma kusan kashi ɗaya cikin ukun ne, ta yadda idan aka sami sanduna biyu masu siffa ɗaya aka ɗora musu nauyi ɗaya, ta alminiyam za ta saɓa ƙasa ninki uku na yadda ta ƙarfe za ta saɓa. Ba karyewa za ta yi ba, saɓawa za ta yi ta dawo, kuma wannan saɓawar ita ce mai aiki yake ji a hannunsa kamar teburin yana numfashi. Tsawon sanda yana ƙara matsalar fiye da yadda ido ke zato, domin idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu, saɓawar ba ninki biyu take yi ba, ninki takwas take yi.

Ga misali da lissafi. Sanda mara kauri mai 40x40, tsawonta milimita 1620, an ɗora ta a kan madogara biyu, mutum mai nauyin kilo 100 ya tsaya a tsakiyarta: za ta sauka kusan milimita 14. Idan aka canza ta da mai 40x80 aka tsayar da ita a kan siririn gefenta, wato tsayin 80 ɗin yana kallon sama, saukar ba za ta kai milimita 2 ba. Idan kuwa aka kwantar da ita a kan faɗinta, an yi asarar kuɗi, domin ninki biyu kacal za ta fi ta farko tauri. A jikin tebur na gaske dogayen sanduna biyu ne ke raba nauyin, katakon sama ma yana taimakawa, amma darasin bai canza ba: dogayen sandunan sama su zama 40x80, a tsaye. Sauran jikin teburin 40x40 ta wadatar.

Awo da yanka

Tsayin tebur daga jikin mai shi ake ɗaukarsa. A tsaya da takalmin da aka saba aiki da shi, a lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannu. Aikin da ake ɗan danna abu da ƙarfi yana son tebur ya gaza gwiwar hannu da santimita 10 zuwa 15, aikin ido kamar na gyaran waya yana son ya kai gwiwar ko ya ɗan wuce ta, wanda kuma zai ɗora bayis ya tuna cewa bakin bayis ɗin ne ya kamata ya zo daidai gwiwar hannu, ba fuskar teburin ba. Ga yawancin maza abin yana faɗawa tsakanin santimita 85 da 95. A nan an ɗauki 90.

Faɗi da tsawo kuwa, filawud ne ke yanke hukunci. Cikakken falle milimita 2440 ne a tsawo da 1220 a faɗi, don haka idan aka raba shi biyu ta tsawonsa za a sami falle biyu masu faɗin 600 da ɗan ragowa. A rage kowanne zuwa 1800, a haɗa su fuska da fuska, sai a sami saman tebur mai 1800 da 600, kaurinsa 36 idan filawud ɗin mai milimita 18 ne, duk daga falle ɗaya. Faɗin 600 kuma shi ne abin da hannu ke iya kaiwa ƙarshensa ba tare da an kwanta a kan aiki ba. Ƙashin alminiyam ɗin zai zama 1700 da 520 daga waje zuwa waje, domin katakon ya zarce shi da milimita 50 a dama da hagu, da 40 a gaba da baya, wurin da za a riƙa maƙala matsi.

Daga nan sauran lissafin ragewa ne kawai. Ƙafafu huɗu na 40x40, kowace 825, domin an cire kaurin katako 36 da kusan 40 na takalmin daidaitawa, wanda ake ɗaurawa a ƙasan kowace ƙafa, daga 900. Dogayen sandunan sama biyu na 40x80, kowace 1620, wato 1700 ban da kaurin ƙafafu biyu. Dogayen ƙasa biyu na 40x40, su ma 1620. Sai gajeru bakwai na 40x40, kowace 440: biyu a gefen sama, biyu a tsakiyar sama don tallafar katako, biyu a gefen ƙasa, ɗaya a tsakiyar ƙasa. Yawanci ana sayar da sandar a tsawon mita 6 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma guda biyu na 40x40 sun isa. A fitar da dogaye biyu da ƙafafu uku daga ta farko, wanda zai ci kusan milimita 5730 har da abin da zarto ke cinyewa, sannan a fitar da ƙafa ɗaya da gajeru bakwai daga ta biyu, a rage da kusan mita 2 da za su yi amfani daga baya.

A ganina yanka shi ne rabin wannan aiki, kuma a nan ne ya bambanta da walda. Mai walda yana iya cike giɓi da narkakken ƙarfe, ya ja sandar da ta karkace da guduma, ya goge wurin da giranda, babu wanda zai gane. Noti ba ya cike giɓi. Idan bakin sanda bai yanku a miƙe ba, da zarar an ɗaure biraket sai ya ja ta zuwa inda bakin ya karkata, kuma duk ƙarfin da aka ƙara sa wa notin karkatar yake ƙara tabbatarwa. Haka nan idan gajerun sanduna bakwai ɗin suka bambanta da juna da milimita biyu, mafi tsawonsu za ta buɗe ƙashin, mafi gajartarsu kuma ta rataya a kan biraket ba tare da ta taɓa komai ba. Don haka idan mai sayarwa yana yanka da injin awo, a biya shi ya yanka. Idan ba ya yi, a kai wa mai taga, domin zarton lantarki da yake yanka kwanar taga da shi ya dace da wannan aiki, muddin faifansa mai haƙora masu yawa ne irin na alminiyam. A roƙe shi ya kafa wani katako a matsayin iyaka, ya yanka duk masu tsawo ɗaya a jere ba tare da ya sake awo ba, ya matse sandar da kyau kafin ya sauke faifan, kuma ya sauke shi a hankali, domin wannan sanda ta fi wadda ya saba yanka nama nesa ba kusa ba. Ɗan kakin kyandir a haƙoran faifan yana hana alminiyam mannewa. Giranda da faifan yankan ƙarfe ba su da wuri a nan, saboda alminiyam yana toshe faifan, ya yi zafi, kuma bakin ba zai taɓa fita a miƙe ba. Mai yanka da mai kallo duk su sa tabarau, domin ɓarɓashin yana tashi da kaifinsa.

Bayan yanka a bi bakin kowace sanda da magagari a hankali a cire ƙaiƙayin da zarto ya bari, a busa ɓarɓashin da ya shiga tsaga, a ɗora sikwaya a kowane baki ta fuska biyu. Wadda ta gaza a mayar da ita tun ba a bar wurin ba.

Kayan ɗauri

Gaɓoɓin wannan tebur 22 ne. Huɗu daga ciki, inda dogayen sandunan sama suka haɗu da ƙafafu, su ne ke ɗauke da mutuncin teburin, don haka su sami manyan biraket masu bol huɗu-huɗu. Sauran 18 ƙananan biraket masu bol biyu-biyu sun ishe su. Jimillar bol 52 ke nan, sai a ƙara na maƙala katakon sama da kantar ƙasa da allon baya da za a zo kansu, a sayi kamar 80 da notinsu don kada aiki ya tsaya saboda guda ɗaya da ya ɓace. Biraket mai haƙarƙari a cikin kwanarsa ya fi wanda aka lanƙwasa daga farantin ƙarfe kawai.

Notin tsaga iri biyu ne. Akwai wanda sai ta ƙarshen sanda ake zura shi, kuma shi ya fi riƙo domin ya cika cikin tsagar, amma idan aka manta ba a zura shi ba har aka rufe ƙarshen da wata sanda, sai an kwance. Akwai kuma siriri wanda ake jefawa ta bakin tsagar a ko'ina, idan aka juya bol sai ya juya ya gindaya a ciki. Na farkon a manyan gaɓoɓi, na biyun a abubuwan da za a ƙara daga baya. Mai amfani da na biyun ya leƙa ya tabbatar ya gindaya ɗin, domin yakan ɗaure a miƙe, ya yi kamar ya kama, sai ranar da aka ja abin ya fito gaba ɗaya.

Tsawon bol ma tarko ne. Idan ya yi tsawo, ƙarshensa zai tokari gindin tsagar tun kafin kansa ya danne biraket, hannu ya ji ya ɗaure tamau alhali biraket ɗin yana motsi. M8 mai tsawon milimita 16 shi ne ya fi dacewa da yawancin biraket na wannan girma, amma a gwada guda ɗaya tukuna: a ɗaure, a girgiza biraket, a kwance a duba ko bol ɗin ya bar tabo a gindin tsagar. Idan ya bari, a sa washa ko a nemi wanda bai kai shi tsawo ba. Alanki mai lamba 5 ko 6 ne ke juya shi, gwargwadon irin kansa.

Haɗawa

Kafin komai a gama da ƙasan ƙafafu. A tsakiyar kowace sanda akwai rami da ya bi tsawonta, kuma a yawancin masu tsagar 8 faɗinsa milimita 6.8 ne, daidai abin da ake bukata don yanka tiredin M8, wato zaren da bol ke bi yana shiga, ba tare da an huda ba. A sa ɗan mai, a shigar da abin yanka tiredi a miƙe, a yi gaba kaɗan a dawo baya don ɓarɓashi ya karye, har a kai zurfin kamar milimita 30, sannan a ɗaura takalmin daidaitawa mai notin kullewa. Wasu sandunan raminsu ya fi haka faɗi, na M12 ne, don haka a auna kafin a sayi takalman. Daɓen siminti da wuya ya zama shimfiɗaɗɗe ɗari bisa ɗari, kuma waɗannan takalma su ne ke raba mutum da cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar tebur. Suna kuma ɗaga alminiyam daga jiƙaƙƙen siminti, wanda yake cin sa a hankali.

A fara da gefuna biyu. A kwantar da ƙafafu biyu a wuri mai laushi, kamar kan fallen filawud ɗin, a sa gajerar sanda ɗaya daidai da kawunansu, ɗaya kuma a tazarar kamar milimita 150 daga ƙasa. Kafin a ɗaure a ƙirga notin da kowace tsaga za ta bukata nan gaba a zura su duka. A ɗaure da yatsa da ɗan juyin alanki kawai. A yi gefe na biyu kamar na farko, a tsayar da su, wani ya riƙe, a haɗa su da dogayen sanduna huɗu, sannan a sa na tsakiya. Saman dogayen sanduna da na gajeru da kawunan ƙafafu duka su zo daidai wuri ɗaya, ta yadda katako zai zauna a kan ƙafafun kai tsaye. Wannan yana da dalili: biraket ɗin da ke jikin ƙafa matsi ne kawai ke hana shi zamewa ƙasa cikin tsaga, amma nauyin da ya bi ta kan ƙafa ba ya bukatar alfarmar kowane noti.

Mai aiki a tsaye zai so wurin sa yatsun ƙafarsa. Ana iya janye doguwar sandar ƙasa ta gaba zuwa ciki da milimita 100, a ɗaure ta a jikin gajerun sandunan gefe maimakon ƙafafu, kuma tsawonta na 1620 bai canza ba. Ta tsakiyar ƙasa ce kaɗai za a rage zuwa 340.

Sai an ga teburin a tsaye da dukan sandunansa ake fara daidaita shi. A ja tef daga kwanar sama ta gaba a dama zuwa ta baya a hagu, sannan a ja ta ɗaya ɓangaren. A wannan awo kowanne ya kamata ya ba da kusan milimita 1778, amma abin da ake nema shi ne su zo daidai da juna. Idan ɗaya ya fi tsawo, a tura kwanoninsa biyu zuwa ciki a hankali har su daidaita. A maimaita haka a fuskar gaba da ta baya, a ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa a kan sanduna, a juya takalma har ƙwayar ta tsaya a tsakiya ta tsawo da ta faɗi. Daga nan a ɗaure a zagaye biyu, na farko rabin ƙarfi, a sake jan tef, na biyu cikakke. Wanda yake da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya tsaya tsakanin 20 da 25 a ma'aunin Nm. Wanda ba shi da ita ya ɗaure da dogon hannun alanki har ya ji ya tsaya, kada ya sa masa bututu don ƙarin ƙarfi, domin leɓen tsagar alminiyam ne, yana iya buɗewa.

Yanzu a dafa gefen teburin a tura shi ta tsawonsa. Zai ɗan yi lilo, kuma wannan ba laifin ɗauri ba ne, ɗabi'ar kowane ƙashi mai kusurwa huɗu ce. Maganinsa shi ne allon baya. Falle na biyu na filawud mai milimita 12 zai ba da kanta ta ƙasa mai 1620 da 520, wadda za a gyara gwargwadon inda aka sa sandar gaba, da kuma allo mai 1700 da kusan 650 da za a huda a ɗaure a tsagogin ƙafafun baya da dogayen sandunan baya da bol takwas ko goma masu faffaɗan washa. Bambancin da wannan allo ɗaya yake kawowa ya fi na ƙarin biraket goma, kuma yana hana kaya faɗawa bayan tebur.

Katakon sama

A shafa farin gam na kafintoci a fuskar falle ɗaya har ko'ina ya samu, a kifa ɗayan a kai, a ɗaure su da sukurori masu tsawon milimita 30 daga fuskar da za ta kalli ƙasa, ana farawa daga tsakiya zuwa gefe don iska da rarar gam su fita. Idan fallayen suna da ɗan lanƙwasa, a haɗa su ta yadda lanƙwasar ɗaya za ta ƙalubalanci ta ɗayan. A bar shi ya kwana a shimfiɗaɗɗen wuri da nauyi a kansa. Washegari a goge gefuna da samfefa, a kashe kaifin kwanoni, a shafa banish sau biyu ko uku a sama da ƙasa da gefuna duka. Masu shafa sama kaɗai su kan ga katakonsu ya bankare, domin fuskar da aka bari tana shan laimar damina tana kuma bushewa da hunturu, ɗayar ba ta yi. A guji allon garin katako da aka matse, domin ruwa kaɗan yake bukata ya kumbura.

Ana maƙala katakon ne daga ƙasa, da ƙananan biraket takwas zuwa goma, kowanne gefensa ɗaya a tsagar ciki ta sanda, ɗayan kuma da sukuru a cikin katako. Ta haka fuskar teburin ba ta da kan ƙusa ko ɗaya, kuma ranar da ta tsufa sai a kwance a juya ta ko a canza.

Bayis a kusa da ƙafa ake kafa shi, ba a tsakiya ba, kuma bakinsa da ba ya motsi ya ɗan zarce gaban teburin domin dogon abu ya iya sauka ƙasa a tsaye. Kafin a huda a leƙa ƙasa a ga inda sanduna suka bi, don kada ramin ya faɗa a kansu. Bol ya ratsa katakon gaba ɗaya, a sa masa babban washa da noti daga ƙasa, domin sukurun katako ba ya jure jijjigar magagari na dogon lokaci.

Ƙashin nan bai wuce kilo 30 ba, katakon sama kuma ashirin da 'yan kai, don haka teburin zai iya tafiya idan aka dage da zarto ko magagari a bayis. A ɗora kayan da suka fi nauyi a kantar ƙasa, kamar batura da akwatin sifanu, ko a ɗaure sandar baya da bango da biraket biyu. Tayoyi suna da daɗin turawa, amma ko masu birki ne suna barin ɗan motsi, kuma ni ba zan sa su a teburin da ke da bayis ba.

Wuta da kulawa

Fatar da ke jikin sandar, wadda ta ba ta wannan launi mai dishi-dishi, ba fenti ba ce, wani siririn rufi ne mai tauri da ake samarwa da lantarki a masana'anta, kuma ba ya wuce da wuta. Sakamakon haka sanduna biyu da aka ɗaure da juna suna iya zama ba su haɗu ba ta fuskar lantarki. Idan za a maƙala soket ko fitila a jikin teburin, a sa mai aikin wuta ya haɗa ƙashin da wayar ƙasa ta hanyar washa mai haƙora da zai huda rufin, sannan ya gwada da mita daga wannan wuri zuwa sandar da ta fi nisa. Kada a tura waya tsirara cikin tsaga inda noti zai iya murƙushe ta.

Bayan mako biyu da fara aiki a sake bin dukan notin da alanki, domin gaɓoɓi suna zama, kuma za a sami biyu ko uku da suka saki. Tsagogin da ke kallon sama suna tara ƙurar hunturu da ƙananan sukurori, don haka a rufe su da robar tsaga idan an samu, a toshe ƙarshen sandunan da ke buɗe da murfinsu. Ruwa da ɗan sabulu sun isa wanki. Sodar yin sabulu kuwa tana cin alminiyam, ruwan batir ma yana ɓata shi, saboda haka mai cajin batura ya ajiye su a cikin faranti na roba.

Ragowar mita 2 da aka ajiye tun wurin yanka a raba ta biyu, a tsayar da kowane rabi a bayan ƙafafun baya, ya haɗu da ƙafar a tsawon kamar milimita 300 da faranti biyu na ɗauri. Za a gutsure bakin katakon sama kaɗan a wuraren biyu don sandunan su wuce. Guntayen filawud biyu da suka rage daga fallen farko, masu kusan 640 da 600, za su zama allon rataye sifanu da filaya idan aka ƙara musu siririn katako a baya da zai haɗa su, fitila kuma ta zauna a saman sandunan, inda za a iya ɗaga ta ko sauke ta da juyin alanki ɗaya.